Jibin da nake ba surukata ba daga Fada yake ba

Ƙwas. 'Yar ƙarar nan da murfin kwano yake yi idan aka mayar da shi ba a taɓa abin da ke ciki ba. Daga ita komai ya fara, kuma har yau in na ji ta, ko a gidan wani ne, sai gabana ya faɗi.

Ku yi haƙuri, ban ma gaishe ku ba. Salama a gare ku masu kula da wannan shafi, da ku masu karatu, manya da yara. Don girman Allah a sakaya sunana da na ƙauyenmu, domin mu Kiristocin wannan yanki ba mu da yawa, kowa ya san kowa har da awakinsa. Sunan da zan ambata ma ba na gaskiya ba ne. Abu ɗaya nake roƙo, ku karanta har ƙarshe kafin ku yanke min hukunci. Duk zagin da za ku yi min na riga na yi wa kaina, shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure min.

Ni Bahaushiya ce, Kirista, muna zaune a wani ƙauye tsakanin Kunci da Shanono. Na gama sakandare na yi aure, ina gida ina kula da yara da 'yar gayaunata. Na san yawancinku Musulmi ne, don haka bari in ɗan yi bayani. Muna da wata ibada da muke kira Jibin Ubangiji, 'yar gurasa ce da ɗan abin sha da ake rabawa a coci, kamar yadda Yesu ya yi da mabiyansa kafin a kama shi. A cocin da na tashi, duk wanda aka yi wa baftisma, in dai dattawa ba su sa shi a horo ba, zai iya miƙa hannu ya ɗauka, ko baƙo ne. Mu don tunawa muke ci. Gidan mijina kuwa 'yan Katolika ne. A wurinsu, da zarar limaminsu da suke kira Fada ya yi addu'a a kan gurasar, ta tashi daga gurasa, ta zama jikin Yesu da kansa, har durƙusa mata ake yi. Wanda ba nasu ba ba ya ci, su ma ba sa cin namu. Tunda muka yi aure ni da maigidana muna cin tuwo a kwano ɗaya, amma ba mu taɓa cin jibi tare ba. Ya bar ni ina zuwa cocinmu, yara kuma suna bin nasu, haka aka yi alkawari tun farko.

Ban san zurfin abin ba sai bikin Ista na farko bayan aurenmu. Na bi su cocinsu, ina amarya, da na ga mutane sun tashi sun yi layi sai ni ma na miƙe. Kawai na ji an riƙe gefen zanena. Surukata ce, mahaifiyar maigidana, da muke kira Inna. A hankali ta ce, “Zauna. Ba naki ba ne.” Na zauna kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. A hanyar gida ta jawo ni gefe ta ce, “Ba ƙinki nake yi ba, 'yar nan. Tsoro nake ji miki. Wannan ba abin wasa ba ne.” Iyayen Inna Maguzawa ne, tana yarinya ta ga mahaifinta ya fito da kayan tsafinsa ya cinna musu wuta ranar da ya karɓi addinin Kirista, kuma tun daga nan ba ta ɗauki komai a duniya da nauyi kamar jibi ba. Amma mace ce mai barkwanci. In na dawo daga cocinmu sai ta ce, “An dawo daga shan zoɓon?” domin mu zoɓo muke zubawa a ƙananan kofuna. In ce, “Inna, ai zoɓon ma Allah ne ya halitta.” Ta ce, “Ya halicci kunun tsamiya ma, sai ku gwada wata rana.” Mu yi dariya. Haka muka zauna shekara da shekaru, kowa da nasa.

Sai shekarun nan suka zo. Ba sai na faɗa muku ba, kowa ya gani a tukunyarsa. Ruwa ya ɗauke gero yana bunni, kwanon hatsi ya fi ƙarfin talaka, ga mutanen daji sun fara tare hanya suna ɗaukar mutane. Da ma Fada daga gari yake zuwa jefi-jefi, ya bar jibi a ƙaramin cocinsu, sai katikis, wato mai koyar da addini da yake riƙe da cocin, ya hau keke ranar Lahadi ya kai wa tsofaffi da marasa lafiya gida-gida. Da hanya ta lalace Fada ya daina zuwa. Katikis ya jure ya jure, shi ma ya kwashe iyalinsa ya yi kudu. Maigidana ya tafi Dawanau yana dakon buhuna, sai a daɗe ba mu gan shi ba. Aka bar ni da yara da Inna, idonta ya rufe da yana, ƙafa ba ƙwari, ga gyambon ciki, maganinta kuma an ce lalle sai ta ci abinci take sha.

To Inna 'yar da ce. Yadda aka koya mata, ranar da za ka karɓi jibi ba ka sa komai a baki, ko ruwa, sai ka karɓa. Kuma tunda ba wanda ya zo ya ce mata an daina, kowace Lahadi a wurinta ita ce ranar da katikis zai iya shigowa. Da sassafe za ta sa a kai mata ruwan wanka, ta ɗaura farin ɗankwalinta, ta zauna a bakin ƙofa da carbinta tana kasa kunne ko za ta ji ƙararrawar keke. In kai mata kunu da zafinsa in buɗe, ta lalubi murfin ta mayar. Ƙwas. In ce, “Inna, katikis fa ya tashi.” Ta ce, “Wani zai zo.” In ce, “To ki sha ko cokali biyu don magani.” Ta ce, “In ya shigo ya tarar na ci fa? Ya koma da shi?” Haka za ta zauna har rana ta faɗi, sannan ta sha kunun da ya huce, cikin kuma ya murɗe ta har wayewar gari, Litinin da Talata tana kwance. Kafin ta farfaɗo wata Lahadin ta zo.

Kada ku ce ban yi ƙoƙari ba. Na samu katikis a waya kafin lambarsa ta daina shiga, ya ce in gaya mata an daɗe da sauƙaƙa wannan azumin, kuma marar lafiya ma ba ya cikinsa. Na gaya mata. Ta ce, “Ba doka nake bi ba, jira nake.” Na roƙi fastonmu ya zo ya yi mata addu'a, ta karɓe shi da mutunci, ta sa aka ba shi gyaɗa. Da ya ce in tana so zai kawo mata jibin cocinmu, sai ta yi murmushi ta ce, “Na gode, Malam. Naku tunawa ne da shi. Ni shi ɗin nake jira.” Me zan ce? Wata Lahadi da la'asar na dawo daga ɗebo ruwa na tarar da ita ta zame daga kan kujera, fuskarta a ƙasa, ta yi aman jini a kan farin ɗankwalin. 'Yata ta fari, zan kira ta Hannatu, tana tsaye a kanta tana ihu. Ranar na ɗauka shi ke nan.

Ga inda laifina yake. Tunda burodi ya yi tsada, ni aka ɗora wa gasa gurasar jibi a cocinmu, ana ba ni 'yar fulawa ina ajiyewa. Asabar ɗin da ta biyo baya na gama kwaɓi, ga dutsen guga na zuba masa garwashi zan goge kayan Lahadi, sai tunanin ya zo min. Da zan ce muku tsautsayi ne, ban shirya ba, da na ƙara wata ƙaryar. Na shirya. Na san kamannin gurasar 'yan Katolika, fara ce, sirara kamar takarda, zagayayya, ba yis ba gishiri. Na dama fulawa da ruwa, na ɗiga a bayan faranti, na goge gindin dutsen guga tas na danne. Ta farko ta ƙone, ta biyu ta manne, na yi ta gwadawa har ta fito. Na yanke da murfin kwalba. Na wanke wani ɗan gwangwani na sa a ciki na naɗe da farin hankici.

Da safe ta yi wanka ta zauna a bakin ƙofa. Na fita waje na ɗan jima, na dawo na durƙusa a gabanta na ce, “Inna, an kawo.”

Ta ce, “Wa ya kawo? Ban ji keke ba.”

Na ce, “Mai babur ne, a bakin hanya ya tsaya. Fada ne ya aiko daga gari.”

Ta ce, “To wa zai ba ni? Ke? Da hannunki?”

Na ce, “Ya ce saboda halin da ake ciki ya ba da izini. Amma kada a gaya wa mutane, don ba zai ishi kowa ba.” Wallahi ban san daga ina maganar take fitowa ba, kamar da ma tana ajiye a bakina.

Ta juyo da fuskarta wajena, har na ɗauka ta gane. Can ta ce, “Je ki wanke hannu.” Na ce na wanke. Ta ce, “Sake.”

Da na dawo na tarar ta sauko daga kujera ta durƙusa a kan gwiwoyin nan da ba sa ɗaukarta zuwa bayan gida. Ta haɗa hannu, ta ɗaga fuska, ta buɗe baki kamar ɗan tsuntsu. Na sha jin abin da katikis yake faɗa ina tsaye a bakin ƙofa, sai na faɗa. Na ce, “Jikin Kristi.” Ta ce, “Amin.” Na ɗora mata fulawar cocinmu da na danne da dutsen guga a kan harshe. Hawaye suka riƙa zubo mata, bakinta yana motsi, ni kuma ina durƙushe ina jira tsawa ta faɗo min. Ba abin da ya faɗo. Da ta gama addu'arta sai ta share fuska ta ce, “Ina kunun nan? Ko kin ba awaki?” Ta shanye tas, ta nemi ƙari, ta sha magani.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne na yi murna. Na shiga ɗakin girki na yi ta godiya ga Allah kamar wadda ta yi aikin lada. Na ce mata Fada ya ce sau ɗaya a wata zai riƙa aikowa, sauran Lahadin ta ci abincinta, kuma ta yarda. Aman jini ya tsaya, ta yi ɗan kumari, ta koma ɓare mana gyaɗa tana tsokanar yara. Na ce a raina sau ɗaya ko biyu ne, kafin nan hanya ta gyaru, Fada ya dawo, maganar ta mutu ba wanda ya sani. Hanya ba ta gyaru ba. Damina ta wuce, aka yi girbin da bai cika rumbu ba, rani ya shigo, ina ta yi. Da maigidana ya zo gida ta raɗa masa, shi da ma ba mai zurfafa bincike a harkar coci ba ne, sai ya ce, “Ikon Allah, zamani ya canza.” Ya same ni a ɗaki ya ce, “Maman Hannatu, abin da kike wa tsohuwar nan ni da na fito daga cikinta ban yi mata ba. Allah ya saka miki.” Na sunkuyar da kai, ya ɗauka kunya ce.

Akwai ranar da ba zan manta ba har in mutu. Na ɗora mata a harshe kamar kullum, sai na ga ta sa yatsu ta ciro kafin ta jiƙe, ta karya biyu, ta mayar da rabi, ta miƙo ɗaya rabin wajen da take jin numfashina. Ta ce, “Buɗe baki.” Na ce, “Inna, ba nawa ba ne, ke kika faɗa.” Ta ce, “Na faɗa. Na daɗe ina tunani a kai. 'Ya'yan da na haifa suna ina? Ke kike wanke ni, ke kike kwashe kashina, ke kike ɗauko min shi. In Fada ya yarda ki taɓa, ni na yarda ki ci. In laifi ne a rubuta a kaina, ni zan amsa. Buɗe baki, 'yata.” Ba ta taɓa ce min 'yata ba sai ranar. Matar da ta riƙe zanena a gaban jama'a, ta yarda ta ɗauki abin da take ganin babban zunubi ne saboda ni, ta ba ni abu mafi tsada da take da shi a duniya. Kuma ni na san daga wane faranti ya fito. Na buɗe baki na karɓa. Ta ce, “Ki ce amin mana.” Na ce amin. Jama'a, akwai wanda ya taɓa cin abin da ya fi wannan ɗaci?

Tun daga ranar ban sake cin jibi a cocinmu ba. Ni nake gasawa, in kai, in zauna, in farantin ya zo gabana in miƙa wa ta kusa da ni. An koya mana cewa wanda ya ci da zunubi a ɓoye hukunci yake ci wa kansa. A wurinmu kuwa in mace ta bar faranti ya wuce, kowa yana gani, kuma kowa da abin da zai saƙa. Matar fasto ta biyo ni har gida, ta yi ta kewaye-kewaye, can ta ce, “Maigida ya daɗe a Dawanau, ko? Shaiɗan yana da wayo, 'yar'uwa. In akwai wani abu ki faɗa min tun dattawa ba su kira ki ba.” Na gane abin da take nufi. Na ce ba komai. Kun san har na ji da ma abin da take zargi ne? Wannan aƙalla yana da suna, an san horonsa, an san ranar da ake gamawa.

Yanzu Inna ta kwanta. Ba cikin ba ne wannan karon, tsufa ne da zuciya, ƙafafu sun kumbura, numfashi sama-sama, mai duba marasa lafiya na ƙauyen gaba ya ce mu dai yi ta addu'a. Ana cikin haka maigidana ya bugo waya da murna. Ya ce ya haɗu da wani ɗan cocinsu a kasuwa, an samu rakiya, Fada zai shigo yankinmu ranar Lahadi mai zuwa, karo na farko tun da aka fara wannan masifa. Zai jagoranci ibada a cocin babban ƙauye, ya leƙa gidajen marasa lafiya kaɗan, ya juya tun rana da sauranta, kuma ba wanda ya san ranar da zai sake dawowa. Ya ce in sa wa Inna wayar a kunne. Ina riƙe da wayar ina jin komai. Ya ce, “Inna, zan sa a ce masa ya biyo ta gidanmu.” Ta tattaro numfashi ta ce, “A'a. Kada ka sa. Ni Allah ya yi min gata, ina samu duk wata. Akwai tsofaffi a ƙauyukan nan da rabonsu da shi tun kafin fari. In tare musu hanya? A kai musu.” Ya ce to, Allah ya ba ki lada. Ya kashe.

Na ce, “Inna, ai ƙari ba laifi ba ne. Ki bari ya zo ko addu'a ya yi miki.” Ta ce, “Ƙafarsa biyu ce, 'yata, rana kuma ba ta jira. Gidan da ya shiga nan, wani gidan ya rasa.” Sannan ta lalubo hannuna ta riƙe ta ce, “Abu ɗaya za ki yi min. Ina jin tafiyar ta kusa. Ki aika wa mai babur ɗin nan, kada ya jira ƙarshen wata. A kawo min guzurina.”

Kun ga inda na kai kaina? Shekara da shekaru matar nan tana jiran abu ɗaya, ga shi zai wuce ta bakin hanyarmu, kuma da bakinta ta ce ya wuce, saboda ƙaryata. In na yi shiru, zan kunna garwashi in danna fulawa in sa mata a baki, ta tafi gaban Mahaliccinta da shi a matsayin guzuri. In na bi ta bayan fage na sa aka kawo Fada, kalmar farko da za ta fito daga bakinta godiya ce a kan abin da yake aiko mata, ta biyu kuma ta furta masa cewa ta raba jibi da wadda ba 'yar Katolika ba. A gaban kowa asirin zai tonu, ita tana kwance. In kuwa na durƙusa na gaya mata da kaina, me zan ce? In ce Inna, abin da kika yi ta durƙusa wa, kina kuka, kina kira Ubangijinki, ƙullun fulawa ne? 'Yar mutumin da ya ƙona gumakansa, ni na sa ta yi wa fulawa sujada da tsufanta? Zuciyar da take bugawa da ƙyar za ta ɗauki wannan? In ta tsaya a lokacin fa, kafin Fada ya iso, ta tafi ba na gaskiyar, ba na ƙaryar, ba kuma ni? Na sha zuwa bakin gadonta da niyyar faɗa. Sai ta ji motsina ta ce, “'Yata ce?” sai in ce na zo gyara mata shimfiɗa ne.

Ba tsoron maigidana ne ya fi damuna ba, ko da yake na san ba zai sake kallona da idon da ba, danginsa kuma za su ce da ma sun faɗa, an auro 'yar wani coci ta zo ta yi wasa da abin tsarkinsu. Ba horon dattawanmu ba ne, su ma za su ce na ɗauki fulawar Ubangiji na yi abin da ba mu yarda da shi ba. Kowane ɓangare na yi masa laifi, ba inda zan tsaya a ce nan ne nawa. Duk zan iya ɗauka. Abin da ba zan iya ba shi ne fuskarta in ta ji. Wani lokaci in lallashi kaina in ce ai Allah zuciya yake dubawa, ita da gaskiya ta karɓa, ba zai kama ta da laifina ba. A koyarwar cocinmu ma gurasa gurasa ce. Amma ita ba haka ta gaskata ba, kuma ba ni da ikon zaɓar mata abin da za ta mutu a kai. In abin da suka gaskata shi ne daidai fa? In da gaske shi ne da kansa zai wuce a kan hanyarmu ranar Lahadi, ni kuma na tsaya a ƙofa na ce ba a bukata? Addu'a ma ta gagare ni. In na durƙusa sai in ji kamar wanda nake kira shi ne na yi ƙarya da sunansa, da wane baki?

'Yan'uwa 'yan Katolika da ke karanta wannan, don Allah ku gaya min gaskiya ko da ɗaci, abin da ta karɓa da zuciya ɗaya an lissafa mata ko ba a lissafa ba? 'Yan cocinmu da ire-irensa, ku da kuke ganin duk gurasa ce, in mahaifiyarku ce za ku bar ta a haka? Iyayena Musulmi, ku ma kun san darajar abin da mutum yake cikawa da shi, kun san mene ne a yi wa mai mutuwa ƙarya. In faɗa mata? In faɗa wa mijina shi ya san yadda zai yi? Ko in rufe bakina in ɗauki wannan kaya ni kaɗai har kabarina, ta tafi da farin cikinta? Ni dai duk ta inda na duba ban ga hanyar da ba za ta cutu ba. Me zan yi?

Da na yi niyyar tsayawa nan, amma akwai abin da ya sa na ɗauki waya na rubuto yau ɗin nan. Hannatu ta isa fara karɓar jibi a cocin babanta, ta fara zuwa ajin koyo ke nan katikis ya tashi, tun lokacin take jira, 'yar farar rigar da aka ɗinka mata har ta matse ta. Ɗazu da hantsi muna tsince wake a tsakar gida, ita da ni, kakarta tana barci. Ba ta ɗago kai ba, hannunta yana cikin faifai, ta ce da ƙaramar murya:

“Mama, na san ke kike yi. Ban gaya wa kowa ba. In Kaka ta mutu kada ki daina, ki riƙa yi min. Ai ni ma Fada ba zai zo min ba.”